Kafin a Sallami Gwamna

Litinin, da safe, tsakanin darasi

Lauya ba ta zo makaranta ba. Kujerarta ta gaba babu kowa, kuma ba wanda ya yi rububin zama a kai, alhali kullum faɗa suke yi a kanta. Ni na sa mata wannan sunan tun tana aji ɗaya, don ba ka faɗin magana ta bar ka ka sauke numfashi. Da na zo kanta a kiran suna, sai yara suka kalli juna. Wata daga baya ta ce, "Malama, ƙaninta ne. An kai shi asibiti tun Asabar. Jijjiga ya yi ta yi."

Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da kiran suna.

Ƙanin nata shi ne Gwamna. Bai cika shekara biyu ba. Da yatsa ɗaya yake mulkin gidansu, ya nuna kofi a ba shi, ya nuna ƙofa a fita da shi. Na san shi sarai. Na kuma san inda na san shi.

Litinin, bayan an tashi

Na biyo ta bayan tashar mota don kada in wuce ta gaban tudun da ke ƙarshen unguwa. Hanyar ta ninka tsawo.

Talata, da yamma

Injiniya ya zo har ofishin Hedimasta. Shi ne hukumar muhalli ta haɗa ni da shi shekara biyu da suka wuce, lokacin da na dame su da sintiri cewa ɗalibaina za su dasa bishiyoyi a kan tudun ƙasar da kamfanin haƙar ma'adinai ya zube a ƙarshen unguwa ya yi gaba. Mutum ne mai raha. Yau bai zauna ba ma.

Ya ce asibiti sun kira su. Gubar dalma ce a jinin yaron, kuma da yawa.

Ya ce, "Malama, ranar Asabar kaɗai yara ke hawa, ko? Da takalmin roba da safar hannu, a wanke hannu kafin a sauka?"

Na ce haka muka tsara.

Ya ce, "Na san haka muka tsara. Mai shayin bakin titi ya ce kullum da yamma wurin kamar kasuwa yake."

Hedimasta ya tashi ya shiga gyaran fankar da ba abin da ya same ta.

Laraba, kafin ƙararrawa

Na je allon sanarwa in cire hotonmu na ranar dashe. Na tarar wani ya riga ni. Ƙusoshin huɗu suna nan.

Laraba, da la'asar

Bari in rubuta yadda muka yi aikin, ko kaina zai daina juya shi.

Da muka fara, tudun fari ne fat kamar toka, ko ƙaya ba ta fitowa. Iska na tashi sai ta kwaso shi ta watsa wa gidajen da ke ƙasa. Injiniya ya koya mana haɗi. A kowane rami a zuba farar ƙasa don ta kashe tsamin wurin, sai garin gawayi da garin ƙashi don su kama dalmar su riƙe ta, sai taki da jar ƙasa mai kyau don saiwa ta sami abin ci. Muka dasa itacen turare da bagaruwa da darbejiya. Ya hana duk abin da ake ci, ko zogale ɗaya bai yarda ba. A gangare muka jera ciyawar jema don ruwa ya daina zaftare ƙasar. Rabin dashen farko ya mutu, yara suka yi kuka, muka sake. Ranar da na ga sabon ganye a kan wannan tokar sai da na rungume wata yarinya har ta ce na matse ta.

Ko yanzu da nake rubutawa ƙirjina buɗewa yake yi. Sai abin ya biyo baya.

Haɗin yana cikin ramuka ne kawai. Tsakanin bishiya da bishiya tokar tana nan a buɗe. Rufe ta da jar ƙasa da buntun shinkafa shi ne kashi na biyu na aikin, kuma motocin da aka ce za a turo ba su zo ba. Injiniya ya faɗa mini, ya sake faɗa: kafin a rufe, wurin ba wurin zama ba ne.

Ni kuma na ga Asabar kaɗai ba ta isa ba, rana na ƙona mana dashe. Sai dabara ta zo mini, na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Na raba bishiyoyin, kowa da tasa. Na ce wanda tasa ta fi tsawo a ƙarshen shekara ƙamus babba nasa ne. Na ce musu, "Ku riƙe ta kamar ƙanwarku."

Suka riƙe ta. Kullum da yamma, da jarka, da silifas. Kuma 'yan matan ajina da yamma ba su fita su kaɗai, sai da goyon ƙanne.

Alhamis, da safe

Yau ma ta bayan tasha.

Alhamis, bayan magariba

Maigidana ya dawo daga gareji ya same ni ina goge takalmina a bakin famfo. Ya ce, "Uwar bishiyoyi, wannan takalmin jiya ma an yi masa wanka. Ko aure zai yi?"

Ban yi dariya ba. Ya tsuguna kusa da ni, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce, "Kin je asibitin?"

Na ce ina shirin zuwa.

"Tun Litinin kike shiri. Ko amarya ta gama kwalliya."

'Yata ta taho da gudu za ta faɗa jikina, na daka mata tsawa ta tsaya can sai na wanke hannu. Ta tsaya tana kallona. Shekararta uku. Shi ya ɗauke ta ya shiga da ita.

Juma'a

Na sayi lemo. Yana cikin jaka.

Asabar, da rana

Na je.

Ɗakin yara yana can ƙarshen baranda, warin maganin goge ƙasa ya cika shi. Lauya na zaune a kan benci a waje, ta haɗa kai da gwiwa. Na ce sannu, ta ce yauwa Malama, ba ta ɗago ba. Yarinyar da sai na roƙe ta take yin shiru.

Gwamna na kwance, an ɗaure masa hannu a kan ɗan katako saboda ƙarin ruwa. Jijjigar ta tsaya. Idonsa a buɗe amma bai bi ni da kallo ba. Mahaifiyarsa ta ce tun ranar bai furta komai ba, ko Mama.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tashi ta yi ta ba ni kujerarta. Ta karɓi lemon da hannu biyu, ta ce har da wahala. Ta tambayi mutanen gida, ta tambayi aiki. Muka yi ya mai jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi, amin, har muka rasa abin cewa. Sai ta gyara wa yaron zani, ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Malama, ke ma kina da ƙarama, ko?"

Na ce eh.

"Kin taɓa kai ta can?"

Na buɗe baki. Ta jira ni sosai, baiwar Allah. Daga baya ta ce, "Na dai tambaya ne."

A baranda nas ta tsayar da ni da ta ji ni ce malamar. Ta ce maganin da suke ba shi yana jawo dalmar daga jini, kuma yana aiki. Amma idan ya koma inda zai ƙara shaƙa ko lasa, aikin banza ne, har ma ya fi muni. Likita ba zai sallame shi ba sai an wanke gidansu tas kuma ƙurar tudun ta daina shiga. Ta ce ita da kanta za ta je ta duba.

Gidansu shi ne na farko a gindin tudun.

Lahadi, da hantsi

Ban taɓa kai ta ba. Ko sau ɗaya. Ta sha yin kuka za ta bi ni.

Talata, da yamma

Baban Gwamna mai walda ne. Jiya da yamma ya rufe shago ya hau tudun da yaran shagonsa da wasu maƙwabta, da adduna da zarto. Sun sare layin turaren da ke fuskantar gidajen, dukansa. Duhu ne ya tsayar da su. Ya ce ranar Asabar zai ƙarasa sauran.

Yara ne suka kawo mini labari, suna rige-rigen faɗa. Wani yana kuka tasa tana ciki. Na ce su buɗe littafi shafi na gaba. Na koyar da yadda tsiro ke shan ruwa, na yi zane a allo har da kibiyoyi. Ban san abin da hannuna ya zana ba.

Laraba, bayan azahar

An yi iska tun safe. Daga tagar ajina ina ganin farin abin yana tashi daga inda aka sare, yana gangarawa.

Injiniya ya kira ni. Ya ce layin da aka sare shi ne ke tare iska. Idan aka sare sauran, saiwa ta mutu, tudun zai koma yadda yake da, kuma yaron zai daɗe a asibiti. Ya je shagon Baban Gwamna, mutumin ya kunna injin yankan ƙarfe har Injiniya ya gaji ya tafi. Na tambayi motocin jar ƙasa. Ya ce ya sake rubutawa.

Hedimasta ya ce kada in je ko'ina, in bar manya su yi magana. Na tambaye shi su waye manyan. Ya ce, "Malama, ki daina yi mini irin tambayar Lauya."

Alhamis, da safe

Na kai bakin layin masu walda na juyo.

Alhamis, da la'asar

Na koma.

Baban Gwamna na tsugune yana haɗa ƙofa, baƙin tabarau a idonsa. Na yi sallama har sau uku. Yaran shagon suka zame ɗaya bayan ɗaya. Da ya kashe injin bai cire tabarau ɗin ba, don haka da fuskata da ke cikin gilasan na yi ta magana, ƙarama, guda biyu.

Na ce, "Baban Gwamna, na zo roƙo ne. Kada a sare sauran."

Ya ce, "Ikon Allah. Ɗana na kwance, ke bishiyoyinki kika zo yi wa ceto."

Na ce ba don su ba ne. Na fara bayanin iska da saiwa, na ji muryar aji tana fitowa daga bakina, har da ɗaga yatsa. Ya bar ni na kai aya.

Ya ce, "Kin gama? A unguwar nan aka haife ni. Tudun nan yana fili, ko akuya ba ta hawa. Zafi kamar tanda. Uwata ta hana ni, ni ma na hana nawa. Ke kika sa masa inuwa. Kika sa masa ciyawa. Kika ce wa 'yata ta je kullum. Yanzu idan na bar inuwar nan, gobe ɗan wa za a ɗauko?"

Babu ko ɗaya da zan ce ba haka ba ne.

Na ce, "Gaskiyarka. Amma je ka shafa bakin tagarku yau. Nas ta ce abin da za ta duba ke nan kafin a ba ku shi."

Ya murza yatsunsa. Na gane ya riga ya shafa.

Na ce a rufe tokar da jar ƙasa, a kewaye wurin, bishiyoyin su tsaya su riƙe. Ya ce wa zai rufe, hukumar da ta shekara tana zuwa? Na ce ni. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya kalli takalmina mai tsini.

Ya ce, "To ji nan. Ba ɗan kowa da zai ƙara ɗaukar shebur a can, ko da na maƙiyina ne. Idan rufewa ce, manya. Na ba ki zuwa ƙarshen makon gobe. In na hau na ga fari, zartona na nan."

Na ce na gode. Ya kunna injinsa.

Juma'a, bayan magariba

Na faɗa wa maigidana. Ya ajiye cokali ya ce, "Ke da baro? Ke da buhun shinkafa sai na dawo ake shigo da shi?"

Sai ya ɗauki waya ya fita tsakar gida. Akwai direban tifa da yake gyara wa mota, suna kwasar jar ƙasa daga inda ake yanka sabon titi, har neman wurin zubarwa suke yi. Na ji yana cewa, "Ba gobe ba, yau nake so ka ce mini eh. Ka tuna wanda ya tayar maka da mota a tsakiyar gada." Ya dawo ya ce an gama, amma motar ba za ta iya hawa ba, a gindi za ta juye.

Injiniya ya ce sai ya auna ƙasar tukuna kafin a zuba, kada mu rufe guba da guba. Ban ma yi wannan tunanin ba. Ni mai koyar da kimiyya.

Lahadi, da yamma

Ƙasar ta yi kyau. An juye ta jiya.

Na gaya wa malamai duka a ɗakin malamai, kowa ya ce in sha Allahu. Mutum uku suka zo, da maigidana, da Injiniya da ya zo da takunkumi da takalman roba a bayan motarsa. Ya nuna mana kauri, sai ta kai tsawon hannu daga yatsa zuwa gwiwar hannu, sannan buntun shinkafa a sama don kada ta bushe ta tashi. A jiƙa tokar kafin a taka ta.

Baro na farko ya kife mini a rabin gangare. Mutanen unguwa na tsaye a bakin titi. Mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "Malama, yau ba a ɗaukar hoto ne?"

Aka yi dariya. Na kwashe ƙasar da shebur na mayar. Takunkumin ya yi mini rana, ba wanda ya ga bakina.

Mun rufe abin da bai fi faɗin aji biyu ba. Tudun ya fi filin ƙwallo.

Litinin, bayan an tashi

Daga aji sai tudu. Bayana kamar an doke ni da taɓarya.

Talata, da safe

Hannuna ya yi bororo ya fashe. A ɗakin malamai na kama kaina ina riƙe kofi yadda kowa zai gani. Na ajiye kofin na sa hannun a ƙarƙashin mayafi. Har a nan ma ina neman a ce sannu.

Wani yaro ya tambaye ni ko har yanzu za a ba da ƙamus ɗin. Na kai ƙamus ɗin laburare na ce a buga masa hatimin makaranta.

Laraba, gab da magariba

Ina juye baro na hango ta a gindin tudun da jarka a kai. Lauya. Na sauka da sauri har na kusa faɗuwa.

Na ce, "Ina za ki?"

"Tawa ba a sare ta ba, Malama. Ta kwana biyu ba ruwa."

Na ce ta sauke jarkar, ni zan kai. Ta sauke amma ba ta saki hannun jarkar ba. Ta rame. Ta ce, "Ni na ajiye shi a ƙasa. Yana da nauyi, ba na iya ban ruwa da shi a baya. Sai in zaunar da shi a inuwa in ba shi murfin jarka ya yi wasa. Na sha ganin yana sa hannu a baki. Sai in goge masa da zanina."

Na ce, "Ni na ce ki zo kullum."

"Ba ki ce in zo da shi ba."

"Na gan ki da shi a bayanki na ɗaga miki hannu. Na ce Gwamna ya zo duba aiki."

Ta yi tunani, irin yadda take yi idan tana neman inda za ta kama ni. Ta ce, "To mu biyu ne."

Na ce, "A'a. Shekararki nawa?"

"Sha uku."

"Wa Injiniya ya yi wa bayani, ni ko ke?"

Ta ce, "Amma Malama..." sai maganar ta ƙare mata, karon farko tun da na san ta. Ta yi kuka sosai. Ban taɓa ta ba, jikina duk toka. Na tsaya nesa da ita kamar taku biyu ina cewa ya isa, ya isa, hannuwana a sama kamar wadda aka kama.

Na kai wa bishiyar ruwan. Darbejiya ce, ta fi ni tsawo.

Alhamis, da yamma

Matan layin su Gwamna sun hau yau, su shida ko bakwai, da kwanoni. Ba su gaishe ni ba. Wata ta karɓi takunkumi daga hannun Injiniya ta ce, "Ba don ke ba, tagata ce ta gaba." Na ce na sani. Kwano a ka ya fi barona sauri nesa ba kusa ba. Suna tafe suna hirar bikin wata, ni ina haki a bayansu.

Asabar, bayan la'asar

Wa'adin ya cika, kuma akwai sauran fari ta gefen yamma, babba.

Da hantsi Baban Gwamna ya hau da yaran shagonsa. Na ga suna ɗauke da abu mai tsawo, na ajiye shebur. Ƙarafa ne, tsofaffin bututu da waya, da ƙaramin janareta. Ya zagaya ya duba inda muka rufe, ya tona da ƙafa ya ga kaurin. Ya kalli inda ba mu kai ba. Na jira.

Ya ce wa babban yaronsa, "Fara daga can. Ka bar ƙofa ɗaya, ta kwaɗo."

Suka kama aikin shinge har la'asar. Mai shayi ya aiko da shayi a buta, kofi biyar, mu kuwa mun fi goma.

Litinin

Mun gama rufewa. Na zata zan ji wani abu.

Talata, da rana

Nas ta zo. Matan sun fitar da komai na gidan, sun yar da tsofaffin tabarmi, sun wanke bango da daɓe da ruwa da sabulu. Ta zagaya da farin ƙyalle tana shafawa tana sawa a leda. Ta ɗora kujera ta shafa saman ƙofa, ƙyallen ya fito da toka. Ta leƙa tsakar gida ta ga rabinsa ƙasa ce. Ta ce ba yau ba.

Baban Gwamna ya juya ya shiga ɗaki. Ina tsaye a ƙofar gida, ban shiga ba, ba wanda ya ce in shiga.

Laraba, da safe

Na yi wa 'yan aji uku tsawa a kan abin da bai kai ba. Na ba su haƙuri kafin a tashi. Suka kalle ni kamar na yi wani yare.

Juma'a, da yamma

An kankare ƙasar tsakar gidan an fitar, an zuba siminti. Maigidana ya yi kwaɓi har ya manta da garejinsa. An sake wanke ko'ina, har saman ƙofa da bayan kwaba. Nas ta dawo ta shafa, ta ɗauki ledojinta. Ta ce sai abin da awo ya nuna.

Lauya ta dawo makaranta jiya. Ta zauna a baya. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, amma ta rubuta komai.

Lahadi

Jira.

Talata, bayan magariba

An sallami Gwamna yau da hantsi.

Ban yi niyyar zuwa ba. Ina kulle aji Lauya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, Mama ta ce ki zo." Na tambaye ta lafiya. Ta ce ita dai an ce ta kira ni.

Na bar takalmina a waje. Gidan na warin sabon siminti da sabulu. Gwamna na kan cinyar mahaifiyarsa, wuyansa ya yi siriri. Yana iya tsayuwa idan an riƙe shi. Har yanzu bai yi magana ba. Likita ya ce a riƙa kawo shi duk wata a auna, kuma ba wanda zai iya cewa yanzu abin da zai dawo da abin da ba zai dawo ba. Haka ta faɗa mini, daidai kamar yadda aka faɗa mata, ba ta rage ba.

Na shirya maganganu a hanya. Na fara, "Maman Gwamna, ni dai..."

Ta ce, "An ce safe da yamma sai na goge daɓen nan da jiƙaƙƙen tsumma, ban da shara. Ita wannan ga aikin makaranta ya taru mata. Babansu yana shago."

Ta miƙe, ta ɗora mini shi a cinya.

"Kada ki sauke shi ƙasa sai daɓen ya bushe."

Na ce to.

Bai kai nauyin jakar littattafaina ba. Ya kalli fuskata ya daɗe, sannan ya damƙi gefen mayafina ya kwantar da kai. Ita kuma ta durƙusa ta fara daga lungu, tana matse tsumma a bokiti, tana ja da baya har ta kai ƙofa. Ta zubar da ruwan, ta wanke hannu, ta dawo ta zauna a bakin gado tana tsintar shinkafa.

Ƙafata ta mutu, ban motsa ba. Daɓen ya bushe tun tuni. Ita ma ta gani. Ba ta ce in sauke shi ba.